Abin da Don Eleuterio Bai Gani Ba

A Chiloé, tsibirin da ruwan sama ba ya hutun Lahadi,
akwai akurkin katako a saman filin ƙwallonmu:
kujera biyu, makirufo ɗaya, taga mai tsagaggen gilashi.
Ni ke riƙe da wayoyi, shi ke riƙe da gari.
Shekara goma sha tara muna zaune kafaɗa da kafaɗa,
ido huɗu a kan fili ɗaya,
amma ba mu taɓa kallon wasa ɗaya ba.

Ɗan bayanmu ya kwashe ƙafar baƙo,
ƙarar ƙashi ta iso mana har cikin katako,
Don Eleuterio ya ce, “Santsi ne, jama’a! Ciyawa ta jiƙe.
Yaron da kansa ya faɗi, ba a taɓa shi ba.”

Namu kuwa, ko iska ce ta ture shi,
sai tsoho ya miƙe, hula a hannu:
“Kisan kai da rana tsaka!
Alƙali, a jirgin fito ka manta idonka?
Wa ya ba ka usur, kai da ko kiwon kaji ba ka iya ba?”

Satar gida in tamu ce, wayo; in tasu ce, rashin tarbiyya.
Ƙwallonmu ta haura raga da kamu goma: “Ta shafi ƙarfe!”
Tasu ta shiga, sai tari ya kama shi,
ya jawo tallan kantin Doña Herminia,
man girki, igiyar jirgi, takalman roba,
can daga baya, ƙasa-ƙasa:
“An ce sun ci ɗaya. Ni dai ban gani ba.”

Na taɓa tambayarsa a hutun rabin lokaci:
“Ba ka jin kunya?”
Ya nuna teku da haɓa.
“Ulda, jirage arba’in ne can,
maza masu hannun da gishiri ya tsattsage,
da rediyo ɗaure a jikin sitiyari.
Kamfani ya karya farashin kifi, ba wanda ya ce uffan.
Minti casa’in a mako nake tsaya musu.
Gaskiya tana da manyan gidaje a Santiago,
ba akurkina ta rasa ba.”

Sai shekarar da Baltasar, autansa,
ya ƙetare mashigin ruwa ya koma wa masu biyan albashi.
Ya dawo mana cikin rigar ɗorawa, lamba tara.
Uban ya yini yana ce masa “lamba tara”,
kamar ba shi ya raɗa masa suna ba.

Saura minti biyu, kunnen doki.
Yaron ya kutsa da ƙwallo, ɗan bayanmu ya sa ƙafa.
Ƙarar nan da na sani.
Tsoho ya buɗe baki: “San...”
Shiru.
Na laluba wayoyi, na ɗauka laifina ne,
na buga akwati, na duba fitila, kore shar.
Na juya: makirufo na rawa a hannunsa,
ba wuta ce ta ɗauke ba.

“An kwashe shi,” in ji shi. “Fenareti ne. Na gani.”
Jirage arba’in suka ji.
Baltasar ya tashi da ɗingishi, ya buga, ta shiga,
kuma a ranar ba a yi tallan man girki ba.

Kwana shida mai burodi bai amsa gaisuwarsa ba.
Limamin coci ya ce gaskiya ta yi halinta.
Ni da ke kusa na san zancen:
gida ne ya tarar da gidan da ya fi shi kusa.
Lahadi ta zagayo, aka kwashe ɗan wani,
ya gyara murya, ya ce, “Santsi ne, jama’a!”
Na ƙara masa sauti.
Ni ma ban gani ba.